Motar da Take Durƙusa wa Maigidana

Anti Mai Shawara, don girman Allah ki taimake ni. Gidana ya rabu biyu a kan mota, kuma ni kaɗai ce a ɓangarena. Ba wai izini nake nema ba, na riga na yanke shawara. So nake wani mai hankali ya ce mini ina da gaskiya, in kai wa 'ya'yana jaridar su karanta da idonsu.

Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mutum ne dogo, tsohon shugaban makaranta, wanda ko jakarsa bai taɓa yarda wani ya riƙe masa ba. Yanzu duk ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti, sai babban ɗanmu ya biyo kafin ya wuce ofis, ya ɗauke shi cak daga keken marasa lafiya ya sa shi a mota. Motata ta yi ƙasa da yawa, in ya zauna ba ya iya tashi. Ta ɗan namu kuma ta yi tsayi, ba ya iya hawa. A ƙofar gida ake wannan ɗauka, a gaban kowa. Mai shagon da ke kallonmu, Allah ya saka masa, sai ya juya baya ya kama gyara kayan da ba su hargitse ba. Shi kuwa Malam kau da fuska yake yi ya kalli katanga. Wannan kallon katangar ne yake cina, Anti.

To, sai na ga wata mota a wurin dila. Ta manya ce, ba zan ɓoye miki ba, irin wadda ake leƙen wanda ke ciki in ta tsaya. Ni ba fitilunta ko fatar kujerunta suka ja ni ba. Tana da shokozoba mai iska, in an danna wani maɓalli sai ta sauko ƙasa a hankali ta tsaya daidai inda ake so. Na lallaɓa Malam muka je gwaji. Dila ya danna, motar ta durƙusa. Malam ya kama ƙofa da hannunsa mai lafiya, ya juya, ya zauna, ya jawo ƙafarsa ciki da kansa. Ba wanda ya taɓa shi. Sai ya sauke madubi ya gyara zaman hularsa. Ni kuwa na zagaya baya wai zan duba but, na tsaya can na yi kukana na share.

Da na faɗa wa yara, sai babban, wanda ƙannensa ke kira Farfesa saboda ba a gama magana da shi bai kawo hujja ba, ya turo wani binciken ingancin motoci a guruf ɗinmu na waya. Wai an tambayi dubban masu mota, wannan tawa ta fito can kusa da ƙarshe. Shi ke nan gida ya ɗauka. Ta tsakiyar ta ce zan mayar da kuɗin sallamata abincin gareji. Autar, wadda ko sitiyari ba ta iya riƙewa ba, ta ce Mama son a sani ya kama ta da tsufa. Ni! Ni da na yi shekaru ina tura musu tsohuwar mota da safe don kada su makara a makaranta.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni za a kawo wa bincike? Aikina ke nan har na yi ritaya. Na fara da sa abin magana a kunne ina buga wa mutane waya ina tambayar ra'ayinsu, na ƙare ina shugabar masu bugawa. Na san kicin ɗin da ake dafa waɗannan alkaluma. Mai ƙaramar mota, ki tambaye shi ko tana ba shi matsala, zai ce lafiya lau, alhali da filaya yake ɗaga gilashi. Mai babbar mota kuwa zai tsare ki a waya yana faɗa don rediyo ta ƙi gane wayarsa. A takarda wannan korafi ɗaya ne, mutuwar inji ma korafi ɗaya ne. Ni na koya wa yarana na ofis yadda za su zagaye wannan lafiya lau ɗin su ciro gaskiya, kuma na san da yawansu ba sa yi in lokacin tashi ya matso. Saboda haka ko buɗe abin da Farfesa ya turo ban yi ba, kuma ba zan buɗe ba.

Yanzu ya daina shiga ɗakina in ya zo. Zai ɗauki babansa, ya sa a mota, ya gaishe ni a tsaye ya wuce. Ya aiko ƙanwarsa ta ce mini duk ranar da motar ta mutu mana a hanya da mara lafiya a ciki, in tuna ya faɗa. Malam kuwa ban tambaye shi ba, don na san amsar. Maganarsa ta yi nauyi tun ciwon, kuma cewa zai yi ba komai, a bar wa yara kuɗin. Kuɗina ne, gumina ne, mijina ne. Zan saya, ko su so ko su ƙi. Ki gaya mini, Anti, a ina na yi laifi?

Taki,
Mai Kunnen Ƙashi

Mai Kunnen Ƙashi, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Malam lafiya.

Bari in fara da abin da kike son ji, domin kin cancance shi. Ba son a sani ke damunki ba. Matar da ta ga mijinta yana kallon katanga ta nemi hanyar da zai ɗago kai, ba ta yi abin kunya ba, kuma autarki ta zo ta ba ki haƙuri. Kina da gaskiya kuma a kan jerin nan na ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Motar manya ta fi tarkacen na'urori, masu ita sun fi korafi, sau da yawa kuma ana haɗa ƙaramin abu da babba a awo ɗaya. Matsayinta a jeri kaɗai bai isa ya hana ki saye ba.

Amma kada ki yi saurin kai wa yara jaridar nan, da saura. Kin san kicin, shi ya sa kika ƙi ɗanɗana abincin gaba ɗaya, kuma nan ne kuskurenki. Mutum yana iya zuzuta matsalar rediyo, amma ba wanda yake ƙirƙiro cewa an jawo motarsa daga bakin titi. In mutane da yawa da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya suka ce nan ne ke lalacewa, wannan ba iyayin masu kuɗi ba ne. Ke kuma ba motar duka kike saye ba, abu ɗaya kike saye: durƙuson nan. To ki buɗe binciken, ki tsallake jerin, ki nemi abin da aka ce a kan shokozoba mai iska, a ƙirar shekarar da za ki saya. Ki duba ko masu sabuwar mota aka tambaya ko waɗanda tasu ta kwana biyu, mutum nawa suka amsa, kuma ko hanyoyinsu irin naki ne. Ba wanda zai iya wannan karatun kamar ki a gidan nan, har Farfesa.

In kika ga korafin duk na allon gaban mota ne da rediyo, ki saya da ƙarfin gwiwa. In kuwa a kan iskar ne, sai ki koma wurin dila da tambayoyin da ba zai so ba. In ta lalace, a sama take maƙalewa ko a ƙasa? Akwai kayan gyaranta a kusa, ko sai an yi odar su a zauna jira? Garantin ya haɗa da ita a rubuce? Za su ba ki wata mota ki riƙa kai Malam gashi kafin a gyara? Ki sa makaniken da ba ya cin abinci a wurin dilan ya duba ta, ki kuma nemi masu irinta ki ji daga bakinsu. Sannan ki auna tsayin kujerar daga ƙasa lokacin da Malam ya zauna da kansa, ki nuna wa mai yi masa gashi. Mai yiwuwa akwai motar da tsayinta ke nan tun daga kamfani, ba maɓalli ba iska. In babu, kin ƙara samun hujja.

Game da ɗanki, kada ki yi masa kallon abokin gaba. Hannunsa ne ya san nauyin babansa, kuma shi za a kira in kun tsaya a hanya. Tsoro yake ji, sai ya fito masa a siffar alkaluma. Ki kira shi ɗakinki ku karanta binciken tare, ki gaya masa labarin madubi da hula. Ina da yaƙinin ba ki gaya masa ba, kin tsaya kan cewa kuɗinki ne.

Saura abu ɗaya, shi ne babba. Kin yi rayuwarki kina buga wa baƙi waya kina neman ra'ayinsu, ga mutum a ɗakinki wanda duk rigimar a kansa ake yi, shi kaɗai ba a tambaya ba. Kin ce zai ce ba komai. Ai irin masu lafiya lau ɗin nan ne, kuma ke kika koya wa wasu yadda ake zagaye su. Kada ki tambaye shi ko a sayi mota. Ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi me ya gani a madubin nan ranar, ki yi shiru ki jira, komai nauyin harshensa. Abin da ya faɗa, shi za ki kai wa yara, ba amsata ba.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya haɗa kan gidanki, ya nuna miki ranar da Malam zai fita ƙofar gida ya ɗaga wa mai shago hannu.

Anti Mai Shawara