Tabo a Huhuna

Yaya Rahila,

Gaisuwa daga unguwar Deira a ƙasar Larabawa, cikin sunan Yesu. Yaya jikin Baba? Ni lafiya lau, sai ɗan tari.

Na je gwajin sabunta biza, likita ya ga tabo a huhuna. In tarin fuka ne, gida za a mayar da ni. Sai bayan Kirsimeti zan ji sakamako, jiran ya hana ni cin abinci.

Ranar Juma'a a coci fasto ya ce, "Madawwami, marar farko marar ƙarshe, ya jira wata tara a mahaifar Maryamu." Na yi hawaye. Ashe shi ma ya san jira, ya yi numfashi da huhu irin nawa.

Ki yi mini addu'a. Kada Baba ya ji tukuna.

Ƙaninki,
Filibus