Idon Tasi'u da Jan Baki

Auyo, 3 ga Oktoba

Ƙanwata Ma'u,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti?

Autanmu Tasi'u ne ya kawo miki wannan takarda, ya zo awon idonsa na shekara. Kada ki bari ya karanta. Shekara tara ke nan da aka yi masa aikin nan na ɗiga magani da haska fitila, kuma tun ranar bai taka fadama ba. Wai likita ya hana shi rana, da laka, da sunkuyo. Bana ya ƙara da cewa warin kifi ma yana taɓa idon.

Shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan baki sun sauko, Baba shi kaɗai yake korarsu da ciwon gwiwarsa. Inna kuwa kullum cikin kuka take, wai autanta zai makance. Don Allah ki tambayi likita da kanki.

Yayarki,
Ummussalma

Kano, 6 ga Oktoba

Yaya Ummu,

Wa alaikumussalam. Albishirinki! An auna, an gwada da hoton shekara tara da suka wuce, fatar gaban idon nan da take ta yin tsini ba ta ƙara ko kaɗan ba. Dama aikin don ya tsayar da ciwon aka yi shi, ba don ya mayar da ido sabo ba. Likita ya ce yawanci yana riƙewa shekara goma har fiye, kaɗan ne ake sake wa.

Maganar rana da laka, ta makonnin farko ce bayan aiki. Abu ɗaya aka hana shi har abada: murza ido.

Da aka nuna masa allon haruffa ya yi ta lalube, wai hazo yake gani. Muna fitowa ya hango ana ƙwallo a talabijin can ƙarshen zaure, da tabaransa, ya daka tsalle: "Wallahi wannan ba fanareti ba ce!" Likita yana bayansa.

Ki gaida Baba da Inna.
Ma'u

Auyo, 15 ga Oktoba

Yaya Ma'u,

Gaisuwa mai yawa, duk da abin da kika yi mini.

Da aka karanta wa Inna takardarki, ta yi sujada, ta rungume ni tana hawaye, na ji kunya ƙwarai. Sannan ta tashi ta ɗauko muciya. Da safe Baba ya aza ni a kwalekwale ya miƙa mini igiyar gwangwanaye.

Kwana bakwai ke nan ina ihu a gona, muryata ta dishe. Tsuntsayen nan ba su da tarbiyya. Shinkafar dai ta tsira, Baba yana gida yana shan shayi.

Ki taimaka likita ya rubuto cewa ƙarar gwangwani tana iya kwance aikin. Layi biyu ya isa.

Ƙaninki mai biyayya,
Tasi'u

Kano, 18 ga Oktoba

Tasi'u,

Na nuna wa likita wasiƙarka. Ya ce shekara ashirin yana aikin ido, bai taɓa ganin wanda samun lafiya ya tayar wa hankali ba sai kai. Takarda ya ƙi. Amma ya roƙi in bar masa wasiƙar, zai karanta wa ɗalibansa.

Na bar masa.

Yayarka,
Ma'u