Yatsun Babban Baƙo

Daren Asabar, Kurudu

Sai yanzu ɗana Sadik ya yi barci, da ƙanƙara ɗaure a damtsensa. Ni kam raina tafasa yake.

Yau ƙungiyarmu ta iyayen yara masu ciwon rashin daskarewar jini ta yi taron neman gudummawa. Tun a ƙofa na ja sakataren babban baƙo gefe na ce, "Don Allah ka faɗa wa oga ya taɓa ɗana a hankali. Ko ɗan matsi ne, jini taruwa yake masa a ƙarƙashin fata."

Ya ce, "Hajiya, oga ya san komai."

Ya sani kuwa! Ya zuba jawabi kan ciwon har ana tafi. Masu hoto na matsowa, sai ya damƙi Sadik ya ɗaga shi sama kamar kofin ƙwallo.

Gudummawar da ya yi alkawari, wai sai an duba. Amma shatin yatsunsa ya riga ya iso, ga shi nan ya kumbura a hannun ɗana. Gobe sai asibiti.

Yaron ko kuka bai yi ba. A hanyar gida ma tambayata yake, "Mama, na yi murmushin yadda kika ce?"