Allurar Auta da Kabad Mai Kwaɗo Uku

Daga:
Mai gyaran makullai,
Shago na huɗu, layin bayan tasha.
14 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Lafiyar Ɗalibai,
Hukumar Kula da Makarantun Firamare.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KULLE ALLURAR CETON RAN 'YATA TARE DA ABIN DA ZAI IYA KASHE TA

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana game da 'yata, wadda muke kira Auta, mai shekara bakwai, 'yar aji biyu a firamaren unguwarmu. Auta tana da borin jini mai tsanani. Idan gyaɗa ko kashu ya shiga bakinta, maƙogwaronta kumbura yake yi har numfashi ya sarƙe. Ina so a shaida tun farko cewa babu wanda ya yi sakaci a makarantar nan. Ƙoƙarinsu ne ya kusa gamawa da mu.

1. A ranar 13 ga Janairu na kai wa Shugaban makaranta takardar likita da allurar gaggawa, wadda likita ya ce a soka mata a cinya cikin mintunan farko, kuma kada ta yi nisa da ita. Shugaba ya karɓa da hannu biyu, ya ce abu mai daraja irin wannan ba a ajiye shi sakaka. Ya sa ta a kabad ɗin ɗakin shan magani, ya datse da kwaɗo uku. Mabuɗi ɗaya yana wurinsa, ɗaya wurin mai kula da sito, ɗaya wurin nas da ke zuwa Talata da Alhamis. Na bayyana cikin ladabi cewa ciwon Auta bai san Talata ba. Ba zan ɓoye ba, a shagona aka sayi kwaɗunan. Ba a gaya mini abin da za a kulle ba, ni kuwa na zaɓa musu waɗanda suka fi taurin kai.

2. A ranar 21 ga Janairu aka kira ni zaman Kwamitin Yaƙi da Gyaɗa, mai mutum tara. Na tarar da faranti biyu na soyayyar gyaɗa a kan tebur. Da na nuna, sai Sakatare ya fahimtar da ni cewa dokar ba ta fara aiki ba sai an sa hannu, kuma ba a sa hannu da yunwa. An yi awa biyu ana muhawara ko kashu yana ƙarƙashin kwamitin, tunda shi a bishiya yake, gyaɗa kuwa a ƙasa. Aka yanke cewa a kafa wa kashu nasa kwamitin. Har yau bai zauna ba, ana jiran kujeru.

3. An ɗora wa maigadi binciken jakunkunan yara a ƙofa. Dattijo ne mai amana, amma idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun jikin biskit da cakulan, saboda haka ɗanɗanawa yake yi. Duk unguwa ta shaida yadda ya yi kumatu. Shi ɗin dai aka umarta ya riƙa kama hannun Auta yana kai ta aji, domin ƙarin kariya. A ranar 5 ga Fabrairu ta dawo gida da shatin yatsu biyar, ja wur, a kumbure a wuyan hannunta. Ban ga laifinsa ba. Ya zo har shagona yana share hawaye da hannun da har lokacin ke ƙamshin gyaɗa.

4. Kwamiti ya ce duk gyaɗar da aka ƙwace hujja ce, dole a adana ta inda ake kullewa. Wuri ɗaya ke kulluwa a makarantar. Ranka ya daɗe, yanzu haka allurar 'yata tana kwance a ƙarƙashin rabin buhun hujja.

5. A ranar 29 ga Afrilu aka naɗa Auta Shugabar Sa Ido Kan Gyaɗa, aka liƙa mata baje a ƙirji. Aikinta shi ne ta zagaya lokacin tara tana shinshina kwanukan 'yan ajinsu. Dalilin da aka rubuta a takardar naɗin shi ne, duk makarantar babu mai gane gyaɗa da sauri kamarta. Ta dawo gida tana tsalle, domin shi ne muƙaminta na farko a duniya. Ni na cire mata bajen da hannuna. Ta yi kuka har ta gaji, ta kwana biyu ba ta gaishe ni ba, kuma ina roƙon a rubuta cewa wannan ya yi mini ciwo.

6. A ranar 7 ga Mayu aka gayyaci iyaye atisayen gaggawa. Aka sa wa matashin kai rigar makaranta, aka kwantar da shi a bakin aji biyu a matsayin Auta, aka buga ƙararrawa. Shugaba ya zo da mabuɗinsa cikin minti biyu, ina yaba masa. Mai kula da sito ya kai babur ɗinsa gyara, aka tura a nemo shi. Ranar Laraba ce, don haka aka bi nas gida, aka same ta tana wanki. Da mabuɗai suka haɗu, sai aka tuna akwai fom da marar lafiya zai cike da kansa ya faɗi dalilin neman allura. Aka daɗe ana shawara, daga bisani aka dangwala wa matashin tawada a kusurwa. Da aka buɗe kabad, hujja ta zubo har bakin ƙofa, malamai huɗu suka durƙusa suna tono. Agogona ya nuna minti arba'in da bakwai. Rahoton kwamiti ya ce an yi nasara ɗari bisa ɗari, domin matashin bai rasu ba. An tafa.

Auta tana tsaye a taga tana kallo. Tun ranar ba ta ƙara buɗe kwanon abincinta a makaranta ba, yadda uwarta ta rufe haka yake dawowa. Shekaranjiya uwar ta same ta a bayan ƙofa, ta toshe hanci da baki, idanu sun yi ja, tana ƙirga da yatsu. Da aka tambaye ta, ta ce koyon riƙe numfashi take yi kafin a nemo mai sito. Ta kai daƙiƙa talatin da ɗaya. Ta tambayi uwarta ko saura da yawa ta kai arba'in da bakwai ɗin. Da na ji haka, sai na shiga ɗaki. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe, tsoron da ban taɓa ji ba.

Saboda haka nake roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a fitar da allurar a rataye ta a ajinsu inda hannun malama zai kai, a koya wa malamai yadda ake yin ta, a soke fom ɗin, a ba maigadi tabarau da sabulu, hujja kuma a kai ta duk ofishin da ya ga zai iya da ita.

A ƙarshe, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, ban taɓa buɗe makullin wani ba sai da izininsa. Kwaɗunan nan na san cikinsu, kowanne daƙiƙa tara ne a hannuna. Idan amsarka ba ta iso ba, ranar Litinin 19 ga wata, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, zan zo da kayan aikina in buɗe su a gaban kowa. Ina roƙon a karɓi wannan takarda a matsayin ƙarar kaina da na shigar tun kafin in aikata. Kwaɗo uku, daƙiƙa ashirin da bakwai ke nan gaba ɗaya. Wannan kam Auta ta riga ta iya riƙewa.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka ji kukan na ƙasa da kai.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai gyaran makullai,
mahaifin Auta 'yar aji biyu.