Haɗin Ƙugiyar da Ka Tahi da Shi

Assalamu alaikum, Maigida. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahama, ɗiyar maƙwabta na sa ta rubuta mini wagga takarda, don ni yau faɗa gare ni da kai.

Bazara ta shigo. Ruwan tabkin Madarunfa ya ja baya, ya yi ɗumi, ya yi kauri kamar kunu. Lokacinka ke nan. Sauran masunta na komowa da kwando wayam, kai ko ka iso unguwarmu Zariya da tarwaɗa har tana zubowa, in soya a Sabon Gari layi har bakin titi.

To mi kake sa ma ƙugiya? Shi nike tambaya.

Ni ke daka maka dusa da ƙuliƙuli, hannuna ya shaida. Amma in na gama sai ka ɗauke ƙwaryar, ka shige zaure, ka ba ni baya, ka barbaɗa wani abu daga aljihu. In na leƙa ka ce, "Sirrin ruwa ba na mata ba ne." In Laminu, autanka, ya tambaya ka ce, "Sai ka yi gemu." To ga gemu nan ya yi har ƙirji, kai kana ina?

Tun da ka rasu ba abin da ba mu gwada ba. Na sa daddawa. Na sa hanjin kaza. Na sa sabulun salo, an ce tarwaɗa na son shi. Laminu ya haƙo tana a lambunan Jiratawa. Har wani kihin roba mai ƙyalli ya sayo da ya gani cikin waya, a ruwan da ko tahin hannunka ba ka gani! Kihi bai zo ba, magen unguwa dai duk sun san gidanmu. Na je Tibiri wurin abokinka Ɗan Jimma, wai shi ma ba ka taɓa hwaɗa mishi ba. Haba Maigida! Wa kake ɓoye ma?

Jiya Laminu ya jingine gorarka ta kamun kihi bayan ɗaki, ya ce in ruwan farko ya sauka bai ga canji ba, Agadas za shi, daga nan ya ƙetare hamada. Ka san yaran Rabi maƙwabciyarmu da sunka bi hanyar nan, har yau ko labari. Shi kaɗai ya rage mini cikin gida, kuma hadari ya fara haɗuwa gabas.

Ranar da anka ɗauke ka na ce na yahe maka komi, kuma ban janye ba. Kewarka nike, da rowar taka duka. Allah shi jiƙanka, shi haskaka kabarinka, shi tsare mini yaron nan. In kuma Allah ya ba ka iko ka zo mini a mafarki, kada ka tsaya doguwar gaisuwa irin taka. Ka hwaɗi sunan abin kawai, kahin ruwa ya sauka.

Taka,
Hajara mai kihi