Kazar da Dogo Ya Cinye

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai yatsuna da sanyin wurin aiki ke kumburawa, amma ba komai.

Ka faɗa wa Dogo ban manta ba. Ran Asabar, a gem ɗinmu na faɗa, muna dukan ƙaton ƙarshe, raina saura ƙiris, ya wawure kazar da ke ƙara rai, alhali nasa a cike yake. Na mutu yana dariya. Duk mako a gem ɗin nan kaɗai nake jin muryar gida, ya mayar da ni ɗan kallo.

Asabar mai zuwa ko ƙashi ba zai samu ba. In ya faɗi, a kansa zan tsaya in ci.

Allah ya bar zumunci. A gaishe shi.

Ƙaninka