Kiɗan da Ya Tayar da Magdalene Daga Ɗakina

Wurno,
18 ga Maris, 1995.

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulƙadiri da ɗiyanku gaba ɗaya. Allah Ya tsare ku a Fatakwal, Ya sa nisan da kunka yi da gida ya zama alheri, Ya kuma haɗa fuskokinmu cikin farin ciki.

Mu nan duk lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. Inna ta samu sauƙin gwiwa, har ta koma zuwa gidajen suna da ƙafarta. Baba shina nan yadda kinka san shi, kullum a ƙofar gida bayan la'asar. Lauwali ya tare a Goronyo tun da anka sako ruwan dam, albasarshi ta yi kyau bana, ya ce in shaida miki da buhunki a ciki. Kawu Mode ya zo daga Rabah makon jiya, ya kwana biyu wurinmu. Maigidana Malami kuwa ba mu cika ganinshi da rana ba, lokacin rabon ruwan noman rani ne a wurin aikinsu, kowane manomi gani yake gonarshi anka manta.

Yaya, a takardarki ta baya kin tambaye ni labarin rediyo mai cin kaset da kinka aiko mini. Rediyo lafiyarshi lau, Allah Ya saka da alheri. Ni ce dai na yi abin kunya da shi, kuma na rasa wanda zan faɗa wa in ji sanyi sai ke.

Kin san taron karatunmu na mata, wanda muke yi Asabar ɗaya a wata, gida gida. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, ba mu kai goma ba. Mukan zaɓi littafi, kowa ta karanta 'yan shafuka a bayyane, sannan a yi ta gardama a kan mutanen cikin labarin har magariba ta kawo jiki. Kin kuma tuna Magdalene, wadda ajinta ke jikin nawa, matar Andrawus abokin aikin Malami. Ita ta kafa taron, ita ta bi mu ɗaya ɗaya har munka yarda. Zuwanki na ƙarshe ita ta kawo miki kunun gyaɗa, ɗanta Levi na riƙe da zanenta. Na rubuta miki a bara cewa zazzaɓi ya ɗauke yaron cikin damina, bai cika shekara shida ba. Shi kaɗai gare su.

To, a watan jiya taro ya faɗo gidan Kyauta, ɗaya daga cikinmu. Da munka shiga sai munka iske ta kunna wani kiɗa can ƙasa ƙasa, ba ya hana magana, amma ɗakin ya yi daɗin zama. Kowa ta yaba. Ni kuwa, tun da na san gidana ne na gaba, sai raina ya biya. Na ce ga rediyon da yayata ta aiko daga Kudu, ya fi na Kyauta murya, mi zai hana ni ma a yabe ni? Gaskiyar ke nan, ba zan ɓoye miki ba.

Ba ki ga wahalar da na sha wurin zaɓe ba. Na kwaso kaset ɗin Malami duka na baje bisa tabarma. Na kalangu ya cika ƙara, sai dai a aje littafi a tashi rawa. Na makaɗan noma kirarin mutane ne daga farko har ƙarshe, kunne ba zai bar su ya bi karatu ba. Waƙoƙin mata kuwa habaici gare su, in an sa wata sai ta ce da ita ake. Na bege ban ga dacewar a sa shi muna hira da dariya a kai ba, ga shi kuma rabinmu Kirista ne, ban so baƙuwata ta ji kamar na kira ta wa'azi. Duk tunanina kada in ɓata wa kowa rai. Sai na yanke in nemo wanda babu waƙa a ciki sam, kiɗa zalla.

Ranar da na shiga Sakkwato sayen magungunan Inna, na tsaya wurin wani mai kaset a kasuwa na faɗa mishi abin da nake so. Ya gwada mini uku, ba su kwanta mini ba. Sai ya tono wani tsoho daga ƙasan kwali, babu marfi, babu rubutu a jiki, ya ce fiyano ne irin na Turawa. Yana kunnawa na ji jikina ya yi sanyi. Kiɗa ne a hankali, kamar mai tafiya ba ya son ya tada barci. Kuma sai na ji kamar na san shi, kamar na taɓa jin shi wani wuri. Ban tsaya na tambayi kaina ina ba. Na biya, na sa a jaka, ina ta murna cikin mota har Wurno.

Ranar taro na share ɗaki, na turara shi, na dama fura da nono mai kyau, na soya wainar shinkafa, na sa sabon batir. Mata sunka taru. Magdalene ce ta zo ƙarshe, ta zauna kusa da ƙofa kamar yadda ta saba tun rasuwar. Ita ce kuma ke da karatun farko. Ta buɗe littafi, ni kuma na miƙa hannu na danna.

Ba ta kai ƙarshen shafi ba muryarta ta fara rawa. Ta tsaya, ta sake ɗauko layin, ta sake tsayawa. Na ga Mama Elisabatu, babbar nas ɗin asibitinmu, ta ɗago ta dube ni, ta dubi rediyo. Yaya, kin san mi na yi? Na zaci so take ta ji da kyau. Na ƙara murya. Har na yi murmushi na ce musu wannan kiɗa ko mai ciwo ya ji sai ya yi barci. Da bakina na faɗi haka. Magdalene ta aje littafin bisa tabarma a hankali, ta tashi, ta fita ba ta ko tsaya sa takalmi ba. Mama Elisabatu ta taso ta kashe rediyon da hannunta.

Ita ta faɗa mini, ba da faɗa ba, wanda da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce wannan karin waƙar da suke yi ne in za su raka mamaci, kuma ita sunka rera a kan Levi. Tana faɗa sai abin ya dawo mini gaba ɗaya. Ranar jana'izar, mu Musulmi maƙwabta mun tsaya a waje gindin dalbejiya, bayan ɗan ɗakin ibadarsu na kwatas ɗin ma'aikata inda su Magdalene suke, muryoyin matansu na fitowa ta taga. A nan na ji shi. Kunnena ya riƙe, zuciyata ta riƙe, kaina ne kawai ya yar. Na ɗauki kukan ƙawata na mai da shi abin ƙawata ɗaki. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ni ban da wannan mafaka, don na sani, mantawa na yi.

Taro ya watse ba wanda ya taɓa waina. Mama Elisabatu ta ɗauki takalman Magdalene ta bi ta da su. Kyauta ta tsaya taya ni kwashe kwanoni, tana ta cewa ba da gangan na yi ba, ni kuwa ko ɗaga ido ban iya ba. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya biyo baya ma bai fi kyau ba. Na kasa zuwa wurinta. A makaranta in na hango ta sai in shige aji in rufe ƙofa. Na bar hanyar kwatas, na koma bin gefen magudanar ruwa, ina zagaye mai nisa cikin rana don kada in bi ta ƙofarsu. Malami ya ce Andrawus na gaishe shi kamar kullum, bai ce mishi komi ba, kuma wannan shirun ya fi damunshi. Da labari ya kai ga Inna sai ta aiko kirana. Ta ce kunyar da ta hana mutum ba da haƙuri ba kunya ba ce, girman kai ne ya yafa mayafi. Ta ce wanda ya taka ƙafar wani ba ya jiran mai ƙafa ya zo gaishe shi. Ta ce in ban je ba kafin Juma'a, ita za ta ɗauki sandarta ta tafi a madadina.

Na tafi ran Alhamis da yamma. Na iske ta tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi Inna da gwiwa. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu, sai hawaye. Na dai samu na ce ta yafe mini.

Ta ce babu abin yafewa a kiɗa, ta san ban nufe ta da sharri ba, kuma tun a daren ta faɗa wa mijinta haka. Ta ci gaba da juya shinkafa, sannan ta ce in ina so in ji abin da ke cin ta, ba kaset ba ne. Ta ce tun da anka rufe Levi, babu ɗaya cikinmu da ta sake kiran sunanshi a gabanta. In ana hirar yara ta shigo sai a canza magana. In labarin da muke karantawa ya zo kan mutuwar yaro sai mai karatu ta tsallake shafin, muna zaton ba ta lura ba. Ta ce ta san tausayi ne, amma a wurinta kamar mun haɗu mun share sawunshi ne, har wani lokaci takan tambayi kanta ko ita kaɗai ta taɓa ganin yaron. Ta ce ranar nan a ɗakina ita ce rana ta farko da ɗanta ya shigo taronmu tun bayan tafiyarshi, kuma ya shigo ba shiri, shi ya sa ƙafafunta sunka fitar da ita.

Yaya, kunyar farko wasa ce a kan wannan. Ni ce na fara tsallake shafin nan, sauran sunka koya daga gare ni. Na ɗauka haka ake raba mutum da baƙin ciki.

Sai ta ce in faɗa mata wani abu da na tuna game da shi, ko mi ne ne. Can na tuna yadda yake leƙowa ta tagar ajina yana kirana Inna Sabuwa, yana roƙon guntun alli, ya tafi ya zane mini bangon gida da jiragen ruwa. Na faɗa mata har yau akwai ɗaya bayan randa, ban goge ba. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na taya ta. Ta ba ni labarin ranar da babanshi ya kai shi ganin dam ɗin Goronyo, ya dawo yana tambayar wa ya zubar da ruwa haka ba a doke shi ba. Muna nan har anka kira magariba, shinkafa ba ta tsintu ba. Da zan tafi ta ce wata rana za ta zo ta ga jirgin.

Ba zan ce miki komi ya koma daidai ba. Har yanzu in mun haɗu ni ke fara sunkuyar da kai. Taron wata mai zuwa a gidanta ne, ta kuma ce in zo da rediyon da kaset ɗin. Ta ce kafin a buɗe littafi za a sa shi sau ɗaya, kowa ta yi shiru ta saurara, ba a ƙarƙashin hira ba. Na amsa mata da to, amma Allah Ya sani ina jin tsoron ranar. Ki sa ni a addu'a in iya ɗaukar shi in bi ta ƙofar kwatas.

Ina da roƙo ɗaya. In za ki ba ni amsa, ki saka 'yar takarda daban don Magdalene. Ba sai ta yi tsawo ba. Ki ce kin tuna yaron da ya riƙe mata zane ranar kunun gyaɗa, kuma ki rubuta sunanshi.

Ki gaishe mini da Malam Abdulƙadiri da kyau. Ki shafa mini kan Atiku da Gambo, ki ce su riƙe karatu. Inna da Baba suna sa muku albarka, Lauwali da Kawu Mode da Malami duk suna gaisuwa. Allah Ya bar zumunci, Ya rufa mana asiri, Ya ba masu rashi haƙuri.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Sabuwa.